Rasuwar Malam da maganar takardunsa

Assalamu alaikum ƴan uwa ƴan Damagaram na Faransa, Beljiyam, Kanada, Amurka da Aljeriya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Malam rasuwa daren Laraba, aka yi jana'izarsa a Birni bayan azahar. An yi sadakar uku, Hajiya tana cikin takaba. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Duk wanda ya rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, a hannunsa a Jami'ar André Salifou ya san tsarinsa. Sau uku yake karanta kowane babi. Karon farko ba ya taɓa alƙalami, abin da ɗalibi ke son faɗa kawai yake nema, in bai gan shi a shafi biyu na farko ba takarda ta koma. Karo na biyu da fensir, ya ja layi ƙarƙashin duk zancen da aka ɗauko ba a ambaci mai shi ba. Sai a na uku jan bik ke fitowa, kuma nan ɗalibai suka fi shan wuya, domin lakkol ta saba musu da rubuta Hausa da hannun Faransanci: tch a gurbin c, dj a gurbin j, ou a gurbin u. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 kullum tana kan teburinsa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa ba ya yafe lanƙwasarsu ko ɗaya. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, aiki ya daɗa yi masa yawa.

Ya bar kwali 11 na darussa da rubuce-rubuce a ɗakin ƙasa. Gara ta taɓa biyu na ƙasa, rufin kuma yana yoyo. Kafin ruwan Yuni dole a mai da su akwatunan ƙarfe a ɗora kan bulo, a cire ƙarafan da suka yi tsatsa suna cin takarda, a ɗauki hoton kowane shafi. Na cikin kwamfutarsa da tsohon salon haruffa aka buga su, in aka buɗe a wata na'ura haruffa masu lanƙwasa sai su koma ƴan akwatuna a kan allo, don haka sai an sake bugawa. Kowa zai ba da jika 10 ta hannun ma'aji.

Abin da ke ci mana rai shi ne asusun ƙungiyarmu ba komai. Akwai waɗanda suka cika WhatsApp da hotunansu tare da Malam, alhali littafin ma'aji bai ga sunansu ba tun azumin bara. Cikinsu har da waɗanda ya gyara wa takardar neman gurbin karatu kyauta, da ita suka fita waje. Sun san kansu. Wanda ke da ƙorafi a kan shugabanni ya kawo shi taro, ya daina riƙe kuɗin wata a kansa, gara ba ta jiran a shirya.

An ɗage zaɓen shugabanni sai bayan sadakar arba'in. Taron wata-wata kuwa ranar Lahadi ne, ƙarfe 8 na dare agogon Nijar.

Wassalam,
Kwamitin gudanarwa