Katin waya ya girmi wayar salula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhinku kan yadda katin da ake kankarewa ke ɓacewa, tunda yanzu kowa daga banki yake sayen kuɗin kira. Sharhin ya yi kyau, amma marubucin ya nuna kamar katin waya tare da salula ya zo a 2001. Na daɗe ina tara tsofaffin katuna, don haka a ba ni fili in yi gyara.

Katin waya na asali ba a kankare shi. Zura shi ake yi cikin wayar tarho ta bakin titi, tana cin kuɗin kana magana. A Italiya aka fara shi a 1976, ƙarƙashin kamfanin SIP, saboda ɓarayi sun addabi akwatunan waya suna fasawa don kwashe tsaba, ga kuma ƙarancin tsabar kanta a ƙasar. Katin nasu na maganaɗisu ne. Beljiyam ta biyo baya a 1977 da wani salo na kamfanin Landis & Gyr, wanda haske ke karantawa, wayar kuma tana ƙona layin da ke jikinsa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Irinsa Birtaniya ta ɗauka a 1981, koren katin nan da duk mai tara katuna ya sani.

Ni dai na Japan ne suka fi burge ni. Sun fara a 1982, siririn kati mai lanƙwasuwa, kuma duk kiran da ka yi sai wayar ta huda ɗan rami a gefensa, ka ga abin da ya rage da idonka. Japanawa suka mai da shi abin kyauta da talla, ana buga masa hotunan duwatsu, jiragen ƙasa da furanni. Masu jabu ma suka shigo, har aka daina sayar da masu manyan kuɗi. Faransa kuwa, ƙasar Roland Moreno da ya yi rajistar fasahar kati mai ƙwaƙwalwa a 1974, ita ta yaɗa mai ɗan ƙarfen nan kalar zinariya tun tsakiyar shekarun 1980. Irin ƙarfen ne yau a jikin layin wayarka da katin bankinka.

A wurinmu, darajar kati tana ga lafiyarsa. Na Italiya da aka yi daga baya sai an karya kusurwarsa kafin ya yi aiki, shi ya sa mai kusurwa cikakkiya ya fi tsada nesa ba kusa ba. Muna duba lambar da ke bayan kati da yawan da aka buga. Kada a goge shi da fetur ko a ajiye shi a rana.

Abin da ke damuna shi ne namu na gida. Katunan NITEL, tsohon kamfanin tarho na gwamnatin Najeriya, da muka yi layi da su a shekarun 1990, da na Nijar da Kamaru, Turawa na adana su a kundi, mu kuwa yara na wasa da su a tsakar gida. Kwanan baya na tsinci guda uku a tsohuwar adakar mahaifiyata, ɗaya danshi ya riga ya ci hotonsa, abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Ina roƙonku ku sanar da masu karatu cewa duk mai irin wannan kati ya sa shi a leda ya adana, ya kuma aiko muku da hotonsa gaba da baya, ku ware mana ko da rabin shafi ne a buga.

Naku,
Wani mai tara katunan waya, daga Kano