Takardar Koke Kan Sayar da Magani a Unguwanninmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi, Dakta Rilwanu Suleiman Adamu
Ta hannun Mai Girma Hakimi

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu magidanta ne da iyaye mata daga unguwannin cikin ganuwa. Kukanmu a kan ƙananan cututtuka ne, irin su mura, ciwon kai, gudawar yara, ƙaiƙayi da zazzaɓi. Ba wanda ke kama layin kati a asibiti saboda waɗannan, kemis ake tafiya. Damuwarmu ita ce wanda ake tararwa a bayan kanta.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin yake. Yaro ya kwana jikinsa rau, sai uwar ta ba yayansa kuɗi ta ce ya je a haɗo magani. Yaron shago ya ɓallo fari biyu, kafso ɗaya, wani rawaya guda, ya ƙulle a leda, ba suna, ba tambayar shekarun mara lafiya. In jiki bai sauka ba a ce taifot ne, a koma allura, wani lokaci har ƙarin ruwa a kan benci bayan labule. Mun san masu kemis da yawa mutanen kirki ne, 'yan'uwanmu ne, suna ba mu bashi ranar da aljihu ya bushe. Amma lasisinsu na sayar da magunguna masu sauƙi ne a cikin kwalinsu, bai kai ga allura ko maganin da sai likita ya rubuta ba.

Masanin harhaɗa magunguna kuwa, wanda ake kira famasis, sai ya yi shekara 5 ko 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 ta horo, sannan PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna da masu sayar da su a Najeriya, ta yi masa rajista. Wata daga cikin matan da suka sa hannu a takardar nan ta kai ɗanta irin wannan kanti a kan babban titi. Ta nemi maganin cizon sauro, mutumin ya ce a dakata. Ya huda yatsan yaron, ya ɗiga jini a ɗan katin gwaji, aka jira kamar minti 15, layi ɗaya ya fito. Ya ce ba maleriya ba ce. Ya tambayi kwana nawa zazzaɓin ya yi, ko maƙogwaro na ciwo, ko akwai ɓeraye inda ake ajiye hatsi. Bai sayar mata da ko ƙwaya ɗaya ba, ya rubuta takarda ya ce ta wuce asibiti a ranar. Wannan sanin iyaka shi muke nema kusa da gidajenmu, domin Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari duk rani, tare da Ondo da Edo, ɓeraye ke yaɗa shi, kuma farkonsa kamar maleriya yake. Kwanakin da aka ɓata ana haɗe-haɗe su ne kwanakin da maganinsa ya fi amfani.

Ko maleriyar gaske ma sai da bayani. Maganin da aka fi bayarwa yanzu sau 6 ake sha a kwana 3, amma mutum ya ji sauƙi a rana ta biyu sai ya ajiye sauran don gaba. Gudawar yara kuma ruwan gishiri da sukari ne da ƙwayar zinki ta kwana 10, mu kuwa kafso ake ɗura musu. Ba mu manta amai da gudawa na 2021 ba, da yadda kodin ya cinye mana samari kafin gwamnati ta hana shi a 2018.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira jami'an PCN na jiha, da ƙungiyar masu famasi, da shugabannin masu kemis, su zauna a gabansa. A duba yadda kowace gunduma za ta samu famasis da masu kemis za su riƙa tuntuɓa, ko da ta waya ce, kuma ya riƙa zuwa ɗakin shan magani wasu ranaku a mako. Kowane shago ya rataye lasisinsa inda ido zai gani. A yi tsarin kantin da zai kwana buɗe bi da bi, domin ciwon yaro da tsakar dare ya fi tashi. Masu tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana a tasha da bakin kasuwar Muda Lawal, a sanar da NAFDAC halin da ake ciki. Limamai kuma su tunatar da jama'a ranar Juma'a cewa a yi gwaji kafin a sha maganin zazzaɓi, don maganar da ta fito daga fada ba a wasa da ita a Bauchin Yakubu.

A namu ɓangaren, masu unguwanni sun yarda su ba da zaure don horar da yaran kemis, mu kuma za mu ɗauki nauyin tabarmi da ruwa. Duk ranar da fada ta sa, wakilanmu maza da mata za su zo.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Magidanta da iyaye mata na cikin garin Bauchi