Zuwa ga Abba, kan maganar yaran Junction

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Yayarka ta faɗa wa mamanka abin da ka ce ta rufe, mamanka kuma ta faɗa min, kada ka ji haushin kowa. An ce ranar Talata ƙafafunka sun mutu ana tsakiyar gudun atisayen ƙwallo, ka miƙe ka ƙarasa don kada a ce maka rago, kuma yanzu kai da abokan wasanka ba ku da hira sai ta yaran Junction. Tunda su ne gwanayenka, bari mu bi kakar wasan tasu daki-daki.

A 1954 Paul Bryant, wanda ake wa laƙabi da Bear, ya baro Kentucky ya karɓi horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Texas A&M. Farkon Satumba ya kwashi 'yan wasan zuwa Junction, ƙaramin garin da fari ya daɗe yana ci. Fili ba ciyawa, sai tsakuwa da ƙaya, zafi kuma yana haura digiri 38. Kwana 10 ana fara atisaye tun gari bai waye ba, da dare a zauna darasi, kuma ba a ba da ruwan sha a fili, don a lokacin an ɗauka ƙishirwa na ƙara taurin rai. Yara suka riƙa sulalewa cikin dare. Mota biyu ta kai su, guda ta wadatar wajen dawowa. Akwai wanda zafi ya kayar, da ƙyar aka ceto ransa.

To, me aka samu? Wasa 10 suka buga, aka ci su 9. Wasan farko Texas Tech ta lallasa su 41 da 9. Jojiya kaɗai suka ci, 6 da nema. A shekaru 38 da Bryant ya yi yana jan ƙungiya, wannan ce kaka ɗaya tak da rashin nasararsa ya fi nasara yawa. Abokan wasanka za su ce maka a 1956 ƙungiyar ta ɗauki kofin yankinsu ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Gaskiya ne. Amma ka tambaye su labarin John David Crow, ɗan ƙungiyar da ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1957: bai taka Junction ba, ɗan shekarar farko ne a lokacin, ba a tafi da su ba.

Duk wannan ba shi ne ke hana ni barci ba. Jininka ne, Abba. Kai AS ne, wato kana ɗauke da rabin jinin sikila, ka sani, ka kuma san abin da gidan nan ya gani a kan ƙaninka. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau, amma idan gudun ƙure ƙarfi ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. Tsoka ta rasa iska ta fara narkewa, dattinta ya cika ƙoda, sinadarin fotashiyam ya hau, zuciya ta rikice. Abin kan zo da wuri, cikin mintuna biyu zuwa uku na gudu ba hutu. Haka Dale Lloyd na Jami'ar Rice ya rasu a 2006 bayan gudun atisaye, kuma mutuwarsa ce ta kai hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ga wajabta gwajin sikila a manyan jami'o'i daga 2010.

Ka bambance shi da ɗaurewar tsoka. Ɗaurewa tana zuwa da zafin ciwo, tsokar ta yi tauri, ana ganinta ta dunƙule. Na sikila kuwa tsokar laushi take yi, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, numfashi ya yi sama-sama, wani lokaci da ciwon baya. Abin da aka kwatanta min na Talata ke nan. Da ka ji haka, tsaya nan take, ɗaga hannu, ka ce wa mai kula da lafiyar 'yan wasa kai AS ne. Kada ka koma fili ranar sai likita ya duba ka. Idan fitsarinka ya yi baƙi-baƙi ko ja, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo 1 da ya ragu, ka mayar da ruwa kimanin lita 1 da rabi kafin atisaye na gaba. Idan abin da ya ragu ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, ruwan da kake sha a fili bai isa ba. Ranar da kake zazzaɓi ko gudawa ba ka gudu. Idan za ku wasa a gari mai tudu irin Denba, faɗa wa likita tun kafin tafiya, don ƙarancin iska na tayar da abin. Maganar azumi kuma mu yi ta da malam kafin watan ya kama.

Ka duba da idonka ko akwai bahon ruwan ƙanƙara a gefen fili. Wanda zafin jikinsa ya haura digiri 40 ya fara sambatu, tsoma shi ake yi har wuya, a sauke zafin ƙasa da 39 cikin minti 30, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. A 2018 Jordan McNair, ɗan wasan Jami'ar Maryland, ya rasu saboda jinkirin wannan.

Na ja lokaci kafin na sa hannu a takardar tafiyarka, ka yi ta fushi, har yau ban ga laifina ba. Da sharaɗi na sa hannun, kuma ranar Talata ka karya shi. Wane irin namiji ne zai ɓoye wa uwarsa abu irin wannan ya bar ta ta ji a bakin wani? Karatu ka je yi, ƙwallo hanya ce kawai. In sun karɓe tallafin karatun don ka tsaya shan ruwa, su karɓe, gonar Kawu tana nan, za mu san yadda za mu yi.

Na san kana so a yi alfahari da kai, kuma muna yi. Gobe ka je wurin likitan ƙungiya ka faɗa masa komai na Talata, ka nemi a gwada ƙodarka, ka turo min hoton sakamakon ta WhatsApp. Ka kira mamanka bayan Isha'i na nan gida.

Allah ya tsare min kai, ya yi maka albarka.

Babanka