Wasiƙa zuwa ga Yaya kan takarar Auta

Nairobi, Kenya

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Ni ma lafiya lau nake, sai dai kasuwa ta ɗan ja baya, kuma sanyin garin nan ya kwantar da ni kwanakin baya, amma na miƙe, kada a gaya wa Inna.

Dalilin wannan takarda shi ne labarin da ya iso ni cewa Auta zai tsaya takarar kansila, har ya fara cinikin itatuwan ɗorawa na gonar Baba da masu gawayi don ya sami kuɗin fom da na fasta. Ban yarda ba, kuma ina roƙonka ka hana. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda yake kiran kansa mai kishin muhalli a Facebook.

Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan. A ƙasar nan an yi wata mata, marigayiya Wangari Maathai, 'yar manoma daga yankin Nyeri, wadda ta yi karatu a Amurka, ta kuma sami digirin dakta a Jami'ar Nairobi a 1971. Koken matan karkara kan ƙarancin itacen girki da ƙafewar rafuka ne ya sa ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement a 1977, inda mata ke renon dashe, ana biyan su ɗan abin hasafi kan kowace bishiyar da ta rayu. A 1989 ta ja da gwamnatin Daniel arap Moi kan shirin gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru, kuma filin yana nan har yau, nakan ratsa ta gefensa. A 1999 aka fasa mata kai wajen kare dajin Karura da ke nan Nairobi. Duk da haka ta sha kaye a zaɓen 1997, sai a 2002 mutanen mazaɓar Tetu suka tura ta majalisa da kashi 98 cikin ɗari na ƙuri'u, wato bayan shekara 25 tana aiki a cikin jama'a. Shi Auta me ya dasa? Ko kwalbatin bakin masallaci bai taɓa tara samari sun yashe ba.

Na san bakina bai cika ƙarfi ba, tunda kai ke ɗauke da gidan, ni kuwa ko jana'izar Baba ban samu ba, kuma abin yana nan a raina. Amma kuɗin makarantar yaron nan daga gumina ya fito, don haka dole ya saurare ni.

Kuɗin da na turo ta hannun Kawu a raba shi biyu. Rabi na maganin Inna ne da hatsi. Ɗaya rabin a gyara famfon unguwa da shi, abin da ya saura a sayi dashen darbejiya kafin damina ta yi nisa, a ba Auta ya jagoranci aikin da hannunsa, shi da abokan nasa masu zuga shi. Ko kwabo kada ya shiga fasta. Idan dashen ya tsallake rani, sai mu sake maganar takara, ni da kaina zan sayi fom ɗin.

Na sake nanata maka, kada gatari ya taɓa ɗorawar nan, kuma in an riga an karɓi kafin alƙalami, a mayar wa masu shi, zan cike. Ka sanar da ni da zarar Kawu ya kawo kuɗin. A gaishe mini da Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
ƙaninka.