Sanarwa kan Tafiyar Ras Muhammad

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar jirginmu na ruwa zai tashi daga garin Sharm El-Shek ƙarfe 8 na safe zuwa Ras Muhammad, wurin kallon halittun ruwa a Bahar Maliya a ƙasar Masar, don Allah kowa ya iso da wuri.

Wanda bai iya iyo ba kada ya damu, akwai rigar da ke hana nitsewa, kuma jagora zai koya mana numfashi ta bututu.

Roƙona ɗaya: kada a taɓa murjanin da ke ƙarƙashin ruwa, kada a taka shi. Abu ne mai rai, yana ɗaukar shekaru kafin ya girma, wani ma yana ƙona fata. Tun 1983 Masar ta killace wurin nan na Bahar Maliya saboda shi. Masu jiri a ruwa, ku taho da maganinku.