Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Motar Ɗaukar Marasa Lafiya na Hukumar Agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent) ta Saudiyya, Reshen Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce matar da ma'aikatanku suka ɗauko daga wani masauki a unguwar Misfala, a daren 25 ga watan azumin da ya gabata. Na dawo gida Katsina lafiya, amma har yau godiyarku na wuyana, domin a wancan daren ba ni da numfashin furta ta.

Shekara 20 ke nan ina fama da asma, wadda a gida muke ce wa fuka. Na san halinta: ƙurar hunturu na tayar da ita, hayaƙin murhu ma haka. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne a fito daga zafin titin Ibrahim Khalil a faɗa sanyin ɗaki, ga turaren wuta ko'ina. Kuma na bar maganin shaƙa na rigakafi a gida, Ventolin shuɗin kaɗai na riƙo.

Muna dawowa daga tahajjud ƙirjina ya ɗaure. Na shaƙi maganin sau 10, kamar ban taɓa shi ba. 'Yata ta sauka da gudu wajen mai tsaron masauki, shi ya buga 997, lambar kiran motar ɗaukar marasa lafiya. Duk wanda ya yi goman ƙarshe a Makka ya san yadda hanyoyin kusa da Harami ke cika, mota ba ta da wurin ratsawa. Samarinku biyu a ƙafa suka ƙaraso, ɗaya da jaka a baya, ɗaya rungume da tulun oksijin.

Kafin su shigo, matan ɗakinmu sun kwantar da ni suna fifita, wata na ƙoƙarin ɗura mini zamzam, duk don ƙauna. Kukan da ƙirjina ke yi kuma ya ɗauke, har 'yata na cewa, "Alhamdu lillahi, Mama ta samu sauƙi." Da samarin suka shigo, babban cikinsu ya ɗora abin saurare a bayana, nan take na ga fuskarsa ta canja. Bai tsawata wa kowa ba. Ya karɓi kofin ya ajiye gefe, ya tashe ni zaune, ya maƙala mini wani ɗan abu a yatsa mai auna oksijin da ke cikin jini. Lamba 86 ta fito. Daga baya ne likita ya bayyana mana cewa 94 zuwa sama ake so, kuma ƙirjin mai asma in ya yi shiru ana tsaka da wahala, iska ce ta daina ratsawa. Wannan shirun ya fi kukan hatsari.

Sai na ji babban nasu ya ce, da Hausa, "Sannu Hajiya. Kada ki yi magana, ki ɗaga mini yatsa kawai." Hausarsa na da karin Larabci, amma Hausa ce. Ashe kakanninsa na cikin mutanenmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa ta Sudan, suka zauna can Saudiyya. Wanda bai taɓa rasa numfashi a ƙasar da ba ya jin yarenta ba, da wuya ya gane abin da kalmar "sannu" ta yi mini. Tsoro ma yana shaƙe mutum, kuma rabinsa a nan ya sauka.

Ba su yi gaggawar sunkuta ta zuwa mota ba, kuma wannan ne ya fi burge ni. A bakin gadon suka fara aiki. Suka rufa mini abin shaƙa a hanci da baki, maganin salbutamol na fita kamar hazo tare da oksijin. Yaron nan ya durƙusa gabana yana ƙirga mini numfashi, a ja a hankali, a saki a hankali. Na biyun kuwa ya sa hankalinsa kan lulluɓina, duk sanda mayafina ya zame sai ya yi wa 'yata ishara ta gyara. Da lambar ta hau 92 suka saukar da ni a kan kujera, a zaune, suka kai ni asibitin Ajyad. A can aka ƙara mini magani, aka sallame ni bayan azahar da ƙwayoyin kwana 5. Ba wanda ya tambaye mu ko riyal ɗaya, ko ya ce sai ya ga fasfo kafin ya taɓa ni.

Ina roƙon malaman da ke yi wa maniyyata bita su riƙa sa lambar 997 cikin darasi, su kuma tuna wa masu asma kada su bar maganinsu na kullum a gida. Mu shida ne a ɗakin nan, ba wadda ta san lambar.

Ban san sunayen samarin nan ba, amma ku kuna da rajistar aikin wannan dare. Don Allah ku nemo su, ku gaya musu Hajiyar Misfala ta samu ta ga daren 27 a Harami da ƙafarta, kuma ta yi musu addu'a a gaban Ka'aba, su da iyayen da suka haife su. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a kan hanya.

Wassalam.

Taku,
Wata 'yar Umara daga Katsina, Najeriya