A Koya Wa Masu Rubuta Manhaja Farautar Ɓoyayyun Kurakurai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da malaman da ke koyar da rubuta manhajar kwamfuta, game da wani ɓangare na sana'ar da ake yawan tsallakewa, wato binciken kurakuran memori (ma'adanar da manhaja ke ajiye bayanai yayin da take aiki) da na zaren aiki (sassan manhaja ɗaya da ke gudana a lokaci guda). Ɗalibi yakan rubuta manhaja, ya kunna ta sau biyu, ta ba da amsa daidai, a ba shi maki, alhali irin waɗannan kurakurai ba kasafai suke fitowa a gwajin farko ba.

Na taɓa shafe kwana 3 ina bin sawun wata manhaja da aka rubuta da harshen C, wadda take aiki lafiya lau da safe, amma kafin dare ta cinye memorin na'urar ƙaf ta tsaya cik. Da na bi ta da Valgrind, wata manhajar binciken kurakurai, sai sashensa mai suna Memcheck ya nuna mini layin da ake karɓar memori ba a mayarwa, 'yan bayit kaɗan a kowane zagaye, kamar tulu mai yoyo. Layi ɗaya na gyara. Gaskiya ne Memcheck yana sa manhaja tafiyar hawainiya, har ninki 20 ko fiye, amma AddressSanitizer, wani kayan binciken memori wanda injiniyoyin Google suka ƙera, jinkirinsa wajen ninki 2 ne, kuma dukansu kyauta ake samun su.

Kuskuren zare ya fi wannan wuyar sha'ani. A ce zare biyu suna aiki a lokaci guda a kan lissafi ɗaya: kowanne ya karanta 100, ya ƙara ɗaya, ya rubuta 101, sai a tashi da 101 maimakon 102. Ana iya gwadawa sau dubu lafiya, sai ranar da na'ura ta yi nauyi abin ya auku. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da zarar ka saka layin buga saƙo don ka leƙa ciki, ɗan jinkirin da ya haifar yakan sauya lokacin haɗuwar zaren, kuskuren ya yi luf. Kayan binciken zare irin su Helgrind da ThreadSanitizer kuwa suna lura da zaren da ya taɓa wuri a memori ba tare da makulli ba, wato abin da ke hana wani zaren shiga wurin a lokaci guda, ko da ɓarnar ba ta riga ta bayyana ba.

Irin wannan rige-rige yana cikin abubuwan da suka sa na'urar gashin cutar daji Therac-25 ta yi wa marasa lafiya 6 gashi fiye da kima tsakanin 1985 da 1987 a Amurka da Kanada, har wasu suka rasu. Shi ne kuma ya kashe ƙararrawar gargaɗi a wani ɗakin kula da lantarki ranar 14 ga Agusta, 2003, kafin wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a ƙasashen biyu. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa duk shekara daga matsalar memori take.

Saboda haka ina kira ga malamai da kada su karɓi aikin ɗalibi na C ko C++ sai ya haɗo da rahoton ɗaya daga cikin waɗannan kayan bincike, ya kuma zauna gaban malami ya bayyana ma'anar kowane gargaɗi da ke ciki.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja